Metir Abdulmutallib, Sun Rubuta Maka Forfe

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Da asubahin Asabar, 17 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulmutallib ɗan Alhaji Mustafa, wanda duk unguwarmu ta Kilomita Biyar ke kira Metir, wato malam da Faransanci, malamin lissafi a Kwalejin Alfijir ta Kokoro, kuma mai horar da 'yan wasan hokinta. Hawan jini ne ya kwantar da shi, jinyar ba ta daɗe ba. An sallace shi a Masallacin Koudoukou bayan azahar, muka raka shi makwancinsa.

Metir, ni ne Ja'afaru mai shagon ƙarfe, abokinka tun muna makarantar allo. Na so in rubuta yabonka zalla in ajiye alƙalami, amma na kasa. Akwai abin da aka yi maka ranar da muka binne ka, in ban faɗe shi ba cikina zai fashe.

Bari dai in fara da alherinka. Ina tune da ranar da aka kwance dilar gwanjo daga Kamaru a bakin shagona, aka ga wasu takalma masu tayoyi jere a layi ɗaya. Mai dilar ya rasa abin da zai yi da su. Kai ka kwashe su duka, ka ce ka ga ana wasa da irinsu lokacin da kake karatu a Douala: ana tafiya a kan taya, ana korar ɗan faifan roba da sanda har cikin raga. Na ce, "Metir, da girmanka da gemunka?" Ka ɗaura su a gabana, ka miƙe, ka sha ƙasa, tabaranka ya fashe. Kasuwa ta yi ta dariya har la'asar. Washegari ka dawo neman boris na tayoyin, ka sa kafinta ya sassaƙa sanduna, ka roƙi mai tsohon siton nan na Kokoro ya ba ka dandalin simintinsa.

A wancan lokacin rikicin da ya ɗaiɗaita garinmu bai daɗe da lafawa ba, samarinmu na zaune a bakin titi, zuciya cike da abin da bai kamata yaro ya gani ba. Kai ka janye su ɗaya bayan ɗaya. Ba ka tsawa. Yaro zai faɗi, ka ɗago shi ka kakkaɓe masa gwiwa, ka ce masa da Sango, yaren ƙasar nan, "Yeke yeke," wato a hankali. Wanda bai yi sallar la'asar ba ba ya taɓa sanda, wanda ya faɗi jarrabawar lissafi kuma ya zauna a benci ko da shi ne gwanin cin raga. Iyaye da yawa a unguwar nan, in sun ga 'ya'yansu sun zama mutane, bayan Allah kai suke yi wa godiya.

Cikin waɗanda ka tsinta akwai Zayyad. Maraya ne, rikicin ya cinye mahaifinsa. A zaurenka ya kwana shekaru, a tukunyar matarka Tasalla ya ci ya girma, ƙafarsa ta farko a kan taya hannunka yake riƙe da shi. Da ya kammala karatu kai ka nema masa aikin horar da 'yan wasan Kwalejin Bakin Kogi, can cikin gari, kai ka tsaya masa har ya samu kujera a kwamitin wasan. Kana ce masa "ɗana", yana ce maka "Baba".

Da wasan ya bazu zuwa sauran kwalejoji, sai rigimar jeri ta taso, abin da yara ke kira kilasma: wace kwaleji ce ta ɗaya, wace ce ta biyu. Manyan kwalejojin cikin gari ba sa yarda su shigo Kilomita Biyar. In ranar wasanmu ta zo sai su aiko cewa babu tsaro, a soke, su ci gaba da wasa da juna suna tara maki, mu kuma muna ƙasan jeri ba tare da an ci mu ba. Kai ka zauna da kanka na lissafi ka tsara yadda za a riƙa ƙidaya. Wanda ya ci ya samu maki, wanda ya ci a gidan wani ya samu ƙari. Wanda kuwa aka sa masa rana bai zo ba, an yi masa forfe: a ba abokin karawarsa nasara, shi kuma a zabge masa maki. Ka sha zagi a kan wannan kalma. Amma ita ce ta sa suka fara zuwa, kuma duk ranar da za su zo kai da kanka kake tarbo su a bakin gadar shigowa unguwa, ka rako su har dandali, a shayar da su shayi, a mai da su lafiya.

Ba ka taɓa mai da forfe makami ba. Shekara biyu da suka wuce, ranar da Bakin Kogi za su zo mana, mahaifiyar mai tsaron ragarsu ta rasu, ba su zo ba. Doka ta ba mu nasara a ɓagas. Ka ce wallahi ba za ka karɓi makin gawa ba. Ka kwashi yaranmu kuka tafi gidan makoki, Musulmi cikin Kiristoci, kuka zauna da su. Aka sake sa rana, suka zo suka ci mu. Zayyad ya rungume ka a tsakiyar fili yana kuka, yana "Singila mingi, Baba," wato na gode ƙwarai. Ina wurin, da idona na gani.

Bana Alfijir ce a saman jeri. An ce kwalejin da ta gama a matsayi na ɗaya ita za ta tafi gasar Douala, karo na farko da aka gayyaci wata daga nan. Hussaini, kyaftin ɗinka, da akasarin abokansa a ajin ƙarshe suke, in ba su je bana ba sun rasa ke nan har abada. Wasa ɗaya ya rage, da Bakin Kogi da ke biye da mu a jeri, a filinsu, ranar Asabar da yamma. Ita ce Asabar ɗin da ka rasu.

Ni na buga wa Zayyad waya da safe. Ya yi salati, ya fashe da kuka, na faɗa masa jana'iza bayan azahar ce. Bai zo ba. Na ce a raina, wataƙila zuciyarsa ce ba za ta ɗauka ba. Ashe yana fili da usur a wuya.

Shugaban kwamiti, dattijo Kirista mai mutunci, shi ya zo har shagona daga baya ya ba ni labari, kansa a sunkuye. Ya ce da ya ji rasuwar ya tambayi Zayyad yaushe za a binne ka, Zayyad ya ce bai sani ba. Su kuwa a al'adarsu gawa takan yi kwanaki a ɗakin ajiya na asibiti ana zaman makoki kafin a binne. Sai dattijon ya ɗauka yaranka za su zo su yi wasa da baƙin ƙyalle a damtse, yadda ake yi a cikin gari. A duk kwamitin nan mutum ɗaya ne ya san mu ba ma kwana da gawa, ya san a daidai wannan lokacin kafaɗun su Hussaini na ƙarƙashin makararka. Ya ja bakinsa ya yi gum. Da aka gaji da jira shi Zayyad ɗin ne ya fara cewa a rubuta forfe, wai ai dokar Metir ce. Kafin dattijon ya gane gaskiya an riga an aika sunan Bakin Kogi Douala, masu gasar suka ce ba a sauyawa. Da ɗan gari akan ci gari, haka Hausawa suka ce, ban taɓa jin ɗacin maganar ba sai yanzu.

Kaico, Zayyad! Ranar sadakar uku ya zo, Metir, ya zauna a kan tabarmarka, a zauren da ya tashi, ya ɗaga hannu yana fatiha. Tasalla ta aiko masa da abinci a kwanon da ya saba ci, don ba wanda ya iya faɗa mata. Hussaini ya miƙe zai yi kansa, na danne masa kafaɗa, na ce ba a gidan nan ba. Ya fita waje ya jingina da bango yana kuka kamar ƙaramin yaro. Tun ranar ba wanda ya koma dandali.

Na san ka. Da kana raye da ka ce, "Ja'afaru, ƙyale shi, yaro ne." Ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya. Ka yi mini afuwa, abokina, wannan karon ba zan bi ka ba. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan kabarinka in ce na yafe ba.

Allah Ya jiƙanka, Metir, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya sa kowane yaro da ka ɗago daga ƙasa ya zama hujja gare ka ranar hisabi, Ya sa Aljannar Firdausi ce gidanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Tasalla, da 'yarka Hanifa, da 'yan'uwanka na Kokoro, da malamai da ɗaliban Alfijir, da Hussaini da abokansa, waɗanda suka zaɓi su ɗauki gawarka kuma sun ce ko yau aka maimaita haka za su yi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Saura mutum ɗaya. Zayyad, kai ma uba ka rasa, don haka addini ya ɗora mini in yi maka ta'aziyya, ga ta nan na rubuta. Amma in ka dawo daga Douala ka biyo ta kasuwa, kada ka miƙo mini hannu.