Malam Badung da Takardar Kwanon Kuza

Ƙarfe bakwai na safe Malam Badung yake isowa ƙaramin gidan tarihin da ke hanyar Naraguta, ya buɗe tagogi, ya bi akwatunan gilas da tsumma. Shekara ashirin da takwas ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ba shi da digiri ko ɗaya, amma a hannunsa masu neman digiri na biyu a fannin tarihi suke koyon aiki, tun daga ɗaga tsohuwar tukunya har rubuta 'yar takardar bayanin da ake mannawa jikin gilas.

Dokarsa a kan takardar nan ta daɗe tana ɗaure mini kai. Duk ɗalibin da ya rubuta, sai ya fita bakin ƙofa ya karanta wa Mama Immaculata mai sayar da gwate, wato faten tsaki. In ta gane, a manna. In ta yamutsa fuska, a koma. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Farfesa sau ɗaya yake leƙo mu a shekara. Irin su Mama ne masu gidan."

A 2006 aka turo masa Zakiyya, 'yar unguwar Dilimi, mai kai kamar me. Saura kwana biyu malamanta su zo duba baje kolinta a kan haƙar kuza, kuma in ta faɗi sai ta maimaita shekara. Ta fita ta karanta: "Kwanon da leburori maza suke ɗaukar ƙasar kuza da shi."

"Maza?" in ji Mama. "Wa ya faɗa miki, 'yata?"

"A littafi yake, Mama."

"Littafi bai ɗauki kwano ba. Ni na ɗauka."

Ta zame ɗankwalinta, ta nuna tsakar kanta inda gashi bai sake tsirowa ba. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take haurowa daga ramin kuza da kwanon nan, ita da uwarta.

Ga shi duk takardun Zakiyya a kan maza ta gina su. Ta roƙi Malam ya bari a manna haka, tunda lokaci ya ƙure. Ya ce, "Makinki ne, ba zan hana ki ba. Amma ni ma shekaru ina goge kwanon nan ban sani ba, kuma ina so in ji sauran." Ya jawo benci ya zauna kusa da tukunyar gwate. Zakiyya ta koma ciki ta ɗauko rikoda.

Kai ne malamin da ba ya jin kunyar cewa bai sani ba, Malam Badung. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu horar da ɗaliban tarihi, ku riƙa tura su wurin masu abin.

Zakiyya ta sake takardunta duka, ta sa sunan Mama da na uwarta a takardar kwanon, ta kuma ci. Ranar da aka buɗe baje kolin, Mama Immaculata ta rufe tukunyarta, ta shiga gidan karo na farko a shekara goma sha huɗu da take zama a ƙofarsa. Ta tsaya gaban kwanon, Zakiyya ta karanta mata takardar, sai ta ce, "Sake karanta wurin sunan mamana."