Ɗigon Jan Farce a Gilashin Ordinatar

Ko na tsufa na manta inda na aje mayafina, ba zan manta ranar da ordinatar ƙungiyarmu ta sake fuska ba. Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai, har maigidana ya leƙo ya ce, "Lafiya dai?"

Lokacin ni ce sakatariyar mata masu man gyaɗa a Kwaya. Wani porje na masu tallafi ya ba mu injin matsa guda ɗaya da ordinatar, wato kwamfuta, mai tsarin nan na kyauta da kowa ke iya gyarawa. Kwana uku aka yi mini formasiyo a Magaria kan yadda ake aiki da ita, na dawo ina taku ɗai-ɗai, wai ni na iya. Alhali a aji shida na bar lakkwal, Faransancin da ke cikin ordinatar kuwa kallon juna kawai muke. Sai na yi dabara: na ɗauko jan farce na ɗiga a gilashin, daidai wuraren da ake dannawa. Ɗigo na ɗaya, na biyu, na uku, takarda ta fito. Shekara biyu ina cin kasuwata haka.

Babban aikina shi ne listin layin inji. Da kaka kowa na son a fara matsa gyaɗarta, har an taɓa yin rigima da cire ɗankwali. Shi ya sa muke ƙuri'a, in rubuta a ordinatar, ranar reniyo, wato taronmu, in buga a liƙa a ƙofa. A wannan shekarar man gyaɗa ya jiƙa takardar ƙuri'ar, na yar, tunda ai listin na cikin ordinatar.

Ana gobe reniyo wani teknisiyan ya zo daga Magaria ya ce zai sabunta mana ordinatar. Na ba shi makulli na tafi biki.

Da safe ɗaki ya cika maƙil. Na zauna, na gyara ɗauri, na kunna. Tabɗi! Babu komi sai hoton wani tsauni. Ƴan akwatunan da na sani duk sun ɓace, ɗigona na farko na zaune a kan gajimare. Na danna, shiru. Na biyu, shiru. Na ja suri, ɗan ɓeran nan da ake nuni da shi, can kusurwa, sai komi ya watse a gilashin kamar an watsa wa kaji tsaba. Wata ta yi tsalle ta ce, "Wayyo, ta fashe!" Na kira teknisiyan, babu rezo, waya ta ƙi shiga.

Hajiya shugabarmu ta matso. "Ɗiyata, ina listin?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tuni wasu a baya sun fara cewa su dai sun tuna su ne na farko. Na ga rigimar nan na dawowa, na ga kujerata na tafiya. Sai na ce, "Hajiya, gaskiya ban iya ta ba. Waje kawai na haddace, ga shi an kwashe kayan."

Sai wata tsohuwa mai bakin tsiya ta ce, "Au! Mu da muke cewa kwalliya kika yi mata!" Ɗaki ya ɗauki dariya, har da masu riƙe ciki. Ni ma ina hawaye ina dariya, na dafa madannai don kada in faɗi. Kawai sai na ga harufan da na danne sun fito a wani ɗan gurbi can sama.

Na tsaya. Ashe tambayata take me nake nema! Ni na sa wa listin suna da Hausata, don haka da yatsa ɗaya na rubuta "layin inji". Ban ma ƙarasa ba sai ga shi ya fito tsaf.

Na miƙe ina ihu, "Ta amsa! Kiran suna take so!" Guɗa ta tashi, ayyururui, har masu amalanke suka tsaya a waje. Wannan ta ce in kira hotonmu na bara, waccan ta ce in kira ranar kasuwa, tsohuwar nan kuwa cewa ta yi in rubuta sunan mijinta, ko ita za ta san inda yake yini. Hotunan sun fito, mijin bai fito ba. Da ƙyar muka tuna da buga listin, shi ma sai da na yi ta lalube kafin na gano wurin.

Da aka watse na kai wa Hajiya makullin ofis, na ce a ba wadda ta iya. Ta mayar mini da shi cikin tafin hannu ta rufe. Ta ce, "Wa ya ce miki don kin iya muka zaɓe ki? Cikinmu duka ke kaɗai ce ba ki ji tsoron taɓa ta ba."

A nan dariyata ta tsaya, na yi kuka na gaske. Abin da na koya ranar shi ne, shekara biyu na yi ina ɓoye abin da babu wadda ta tuhume ni a kansa. Da tun farko na ce ban iya ba, da tuni na iya.