Baba Mai Sauti da Sauran Muryar Inna

Kullum bakwai saura kwata yake fita daga gida, da tsohuwar jakarsa a kafaɗa. A cikinta akwai wayoyi a nannaɗe, da ƙaramin sukundireba, da salatif, da abin sauraro na kunne wanda sosonsa ya gama ƙoƙewa. Shekara talatin da huɗu ya yi a gidan rediyo yana zaune bayan gilashi, yana murɗa wannan yana sassauta wancan, don muryar wasu ta fita tas. Masu muryar sun yi suna. Shi kuwa har yau wasu maƙwabtansa sun ɗauka gyaran fanka yake yi. A ƙarshen watan nan Baba Mai Sauti zai yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji da kunnensa.

Ba aikin ofis ɗinsa ya dame ni ba, abin da yake yi bayan an tashi ne. Tun da mutane suka gano ana iya ɗaukar waƙa a gida da kwamfuta, duk wanda ya rikice a unguwarmu gidan Baba yake nufa. Shi kuma sai ya sha ruwa, ya sake rataya jakar, ya bi mutum. In ya shiga ɗaki ba ya kallon kayan da ka saya, duk yadda ka jera su kana jiran yabo. Tsayawa yake yi a tsakiya ya yi tafi ɗaya, ya karkata kai yana sauraro. Wata tela mai son waƙa ta ba ni labarin yadda ta yi sati tana manna kwalin ƙwai a bango don ta kashe amsa-kuwwar ɗakinta. Baba ya yi tafinsa, ya ce ta yi ƙoƙari, amma ta jingina bandiran yadinta a kusurwoyi ta ji bambanci. Wani direba kuma ya zo da jerin na'urorin da yake shirin saye, Baba ya soke duka ya bar masa uku: makirufo ɗaya, da ɗan akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, da abin kunne.

Ni tawa ta fi tasu muni, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Bara likita ya ce dole a yi wa Innata, wadda ta haife ni, aiki a maƙogwaro. Bai ɓoye mana ba, ya ce da wuya muryarta ta dawo. Aka sa rana, saura kwana tara. Inna tana da waƙoƙi ashirin da uku da ta ƙirƙira da kanta, wasu tana lallashinmu muna jarirai, wasu tana wanki, ɗaya bayan rasuwar babanmu. Ba a rubuce suke ba, kuma cikinmu babu wanda ya riƙe ko ɗaya daga farko har ƙarshe. Na sayo kaya, na sauke manhajar ɗauka, na kalli bidiyo uku, na ji na zama gwana. Na zaɓi falo saboda shi ne babba kuma da tayil, na zaunar da Inna gaban sabon makirufo. Kwana huɗu tana rerawa, ni ina kallon layin sauti yana rawa a fuskar kwamfuta ina jin daɗi. Ban taɓa sa abin kunne na saurara ba.

Ranar ta biyar na kunna. Muryar Inna can nesa kamar daga ƙasan rijiya, fanka na gurnani, ƙarar yatsuna a kan kwamfuta ta fi komai fita. Na tafi gidan Baba ko takalmi ban sa daidai ba.

Da ya zo ya gaida Inna a tsanake, ya yi tafinsa, falon ya amsa masa. Sai ya ƙwanƙwasa sabon makirufon da farce, layin bai motsa ba. Ya ƙwanƙwasa jikin kwamfutar, layin ya yi tsalle.

Ya ce, "'Yata, wannan makirufon naki kwana huɗu yana hutawa. Ba ki gaya wa manhajar ta saurare shi ba, sai ta yi ta ɗauka da ɗan ƙaramin na jikin kwamfutar."

Inna ta yi dariya har da tari. Ni kuwa kuka ne ya zo mini, don na san abin da na ɓarnatar. Muryarta ta riga ta fara dushewa, kuma na cinye mata kwana huɗu a banza.

Baba, kai ne ba ka ce mini komai ba a kan wannan. Kai ne ka naɗe hannun riga ka ce mu koma ɗakin Inna, inda akwai katifa da labule mai kauri. Ka buɗe sif ɗin kayanta ka zaunar da ita tana fuskantarsa, ka rataya bargo a bayanta. Ka kashe fanka da firiji, ka cire batirin agogon bango, ka lanƙwasa wayar rataye riga ka ja mata safa, ka tsayar tsakanin bakin Inna da makirufo don tare iskar baki. Ka auna taƙi ɗaya da hannunka ka ce kada ta matso fiye da haka. Sannan ka ja kujera baya ka ce ni zan danna komai, don gobe ba lallai kana kusa ba.

Baba ya nuna mini inda ake zaɓar makirufo, da yadda ake rage ƙarfi don kada layin ya taɓa ja. Ya sa na ɗauki daƙiƙa goma na saurara kafin a fara, kuma ya ce haka zan riƙa yi kowace rana ko da na rantse jiya lafiya lau yake. Daga nan ya juya ga Inna ya gaya mata gaskiya, cewa muryar ba za ta ɗauki fiye da waƙa uku a rana ba, kuma kwana huɗu suka rage. Ta yi lissafi da yatsu. Goma sha biyu za ta zaɓa, goma sha ɗaya su tafi. Ta ce a fara da ta babanmu.

Da ta gama ta farko na kai hannu zan tsayar da ɗaukar, sai ya riƙe mini hannun riga, ya girgiza kai. Muka zauna haka. Inna ta yi gyaran murya, ta ce ruwan da na kawo mata ya huce, ta yi mini faɗa a kan na cika rawar kai tun ina ƙarama, ta tambayi Baba ko matarsa na lafiya. Duk yana shiga. Da muka fito na ce masa ai surutu ne kawai, zan goge.

Ya ce, "Kar ki goge. Na ɗauki muryoyi da yawa, 'yata. Waɗanda suke dawowa neman muryar wani nasu, da wuya su tambayi waƙar. Maganar suke tambaya."

Haka muka yi kwana huɗun. Kowace safiya kafin ya wuce aiki zai biyo, ya zauna a gefe da abin kunnensa, ba ya tafiya sai ya ga na adana aikin a wuri uku.

An yi aikin, Inna ta tashi, mun gode wa Allah. Muryar dai ba ta dawo ba. Yanzu da ɗan littafi da biro take magana, kuma faɗanta a rubuce bai kai na baki daɗi ba. Waƙoƙi goma sha biyun suna nan, jikokinta sun fara haddacewa. Amma ni abin da nake kunnawa in gidan ya yi mini tsit shi ne wurin da take cewa ruwa ya huce. Da don ta ni ne da babu shi.

Baba Mai Sauti, ma'abocin kunne da haƙuri, mun gode. Allah Ya sa ka huta lafiya, ko da yake na san jakar nan ba za ta huta ba. Ku kuma masu karatu, in kun iya wani abu, kada ku jira mai koyo ya gama ɓata abin da ba ya dawowa. Ku bi shi gida, ku ba shi kujerar, ku zauna a gefe.

Da na gaya wa Inna zan yi wannan rubutun, sai ta jawo littafinta ta daɗe tana rubutu, sannan ta miƙo mini ta nuna da yatsa cewa in sa shi yadda yake. Ga shi: "Ki ce wa Malam na gode. Duk ranar da na yi kewar kaina, sai in kunna."