Ni da Alhaji Sale a Sayen Farantan Badujala

Gwaram

Ana idar da sallar Asuba muka kama hanya, ni da Alhaji Sale, shugaban iyayen yara na makarantarmu. Farantan ƙarfen nan da ake gwarawa a badujala ne suka tsage mana, ga faretin makarantu ranar Asabar, bara kuma mu muka zo na ƙarshe. Ni nake koyar da kiɗan, amma aka haɗa ni da Alhaji wai don kada a cuce ni. Mutumin da iyakar saninsa da ƙarfe bakin garma ne.

A tasha direba ya rantse yanzu za a tashi. Sai da rana ta fito tukuna.

Sara

A shinge wani ɗan sanda ya leƙa buhuna, ya zaro tsofaffin farantan.

"Malam, murfin tukunya ne?"

"Ai gara murfin tukunya, yallaɓai," in ji Alhaji. "Dubi, ba kauri ko kaɗan. Yau za mu sayo na gaske."

Ƙosan da na saya a nan bai wuce mini da daɗi ba.

Birnin Kudu

Da hantsi muka isa shagon wani mai ba da hayar lasifika, yana kuma sayar da kayan kiɗa na hannu. Na gwada mara kaurin: tasss, ya amsa nan take, ya yi shiru ya bar wa ganga fili. Abin da fareti ke so ke nan. Mai kaurin kuwa sai ka sa ƙarfi, sannan ya yi ƙaunnn, ya ƙi ƙarewa.

Rubutun jikinsu abin dariya ne. Wanda wani kamfani ya kira "matsakaici" ya fi "siririn" wani kamfanin rashin kauri. Kowa da mudunsa. Na nuna wa Alhaji. Bai ko duba ba, yana can yana jinjina mai kaurin a hannu kamar mai tayin rago.

"Me aka rubuta a nan?"

"Na ƙwararru, Alhaji," in ji mai shago. "Mai tsawa."

"Ka ji ko, Malam? Su da suka ƙera ma sun faɗa."

"Alhaji, kunne ake sayen wannan da shi, ba hannu ba."

"Ni dai ban taɓa sayen ƙarfe mai kauri na yi nadama ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kuɗin a aljihunsa suke.

Komawa gida

Duk ramin da muka faɗa sai farantan su amsa daga but ɗin mota. Wata tsohuwa ta tambaya ko injin ne ya kwance.

Mun isa makaranta kafin azahar, ana tsakiyar darasi. Alhaji ya ce shi zai fara gwadawa, a gaban hedimasta. Ya ware hannuwa ya gwara. Ƙaunnn! Sak ƙarar tsohon wilin motar da muke bugawa in an tashi daga makaranta.

Kafin ƙarar ta mutu azuzuwa sun watse. Yara sun ɗauki jakunkuna sun yi gida, har da 'yan badujalar da zan yi wa gwaji.

Ranar Asabar da tsagaggun muka je, muka riƙe matsayinmu na bara. Sabbin kuwa hedimasta ya rataye su a bishiyar darbejiya.

Mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya. Alhaji ma muna godiya. Yanzu duk yankinmu babu makarantar da ke da ƙararrawa ta ƙwararru sai tamu.