Yatsu Ukun da Suka Koya Mini Jita

Shekarun baya, lokacin ina faci a bakin iyakar Jibiya, na yi wa wani dattijo abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in rufe fuskata. Na daɗe ina so in ba ku labarin, kunya ke hana ni. Yau dai na ce bari in faɗa in huta.

Rumfata tana gefen titi, daidai inda manyan motoci ke yin layi suna jiran takarda. Wanda ya san wurin ya san mota kan yi kwana biyu ko uku ba ta motsa ba, direbobi su shimfiɗa tabarma a inuwarta, su hura gawayi, su ɗora shayi. A cikinsu akwai dattijon da nake faɗa, wani direba mutumin Maraɗi mai jigilar wake, ya kai sa'ar mahaifina. Ranar da ya fara kawo mini taya na lura yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Ƙaramin da na kusa da shi jak ne ya zame ya datse su tun yana saurayi. Da la'asar sai na ji wani sauti mai daɗi daga wajen motarsa. Na leƙa, sai ga shi da wata tsohuwar jita, fentinta duk ya goge, yana kaɗawa ido a lumshe. Na bar tayar wani a cikin ruwa na je na tsuguna, ban tashi ba sai da mai tayar ya zo yana mini faɗa.

Na ce, "Baba, don Allah ka koya mani."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, abin ga ba shi da wuya, haƙuri shika so. Kana da shi?"

Na ce ina da shi buhu-buhu. Ƙarya nake yi.

Yadda ake danne tsirkiyoyi da yatsu a wuyan jita don a fitar da sauti guda, shi akor yake ce masa da bakin mutanen Nijar, ni kuma sai na riƙa cewa kamu. Kamu biyu ya fara ba ni. Na farko kwana biyu na yi na iya shi, na biyun ma bai ba ni wahala ba. Inda tsiyar take shi ne tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Tafiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma sai na tsaya cak, in leƙa, in ɗora yatsa ɗaya, in ɗora ɗayan, in sake leƙawa, sannan in kaɗa. Kafin nan waƙa ta mutu har an dawo daga jana'izarta.

Kullum maganarsa ɗaya ce. "Hannun dama kar shi tsaya. Ko na hagu bai kai ba, kai dai ci gaba da kaɗawa, shi taras da kai bisa hanya. Kuma kar ka ɗaga yatsun duka, guda shi zamna, guda shi tahi. Akor biyu, sannu sannu, sau ɗari kullum, ko ba daɗin ji."

Saboda tsabar kwaikwayo, sai na riƙa naɗe yatsuna biyu lafiyayyu a cikin tafin hannu, ina kamawa da uku kamar yadda na ga yana yi. Ranar da ya lura ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai da Allah ya bar ma naka, mi ya sa kake ɓoye su? Ni ban iya gwada maka da abin da ban da shi, amma sa su aiki." Na ce to, na ci gaba da naɗewa, don haka ya fi mini sauƙi. Da zai tafi ya bar mini jitar. Ya ce zafin cikin mota yana lanƙwasa mata wuya, ta zauna a wurina, duk lokacin da ya zo sai mu kaɗa. Ita kaɗai gare shi.

Sau ɗarin nan, maganar gaskiya, ban taɓa cika ko ashirin ba. Atisayen ba shi da daɗin ji, ga 'yan acaba kullum a rumfata, da na fara tuntuɓe sai dariya. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar a yi mini dariya. Sai na koma kamun farko na yi kaka-gida a kansa, ina ta yi masa ado da hannun dama, ina kaɗa kai kamar wani gwani. Waɗanda ba su san kiɗa ba suka ce na iya, ni ma na yarda da su. In dattijon ya zo ya ce in tsallaka ya ji, sai in ce aiki ya yi mini yawa kwanan nan. Haka muka yi wajen wata shida.

Ina da wani abokina da muka yi firamare tare, mutumin wani ƙauye ne wajen Gangara, shi ke kaɗa jita a cocinsu. Wata ranar kasuwa ya biyo ta rumfata mu gaisa. Aka yi dace motar dattijon tana layi, mutum fiye da goma suna zaune wurin shayinsa. Wani ya ce ai ga masu jita biyu, a gwada su a ji. Abokina ya karɓa ya ɗan taɓa, ba fahariya ba komai, yatsunsa suna tafiya da kansu. Sai aka miƙo mini. Dattijon ya ce in yi waƙar da yake koya mini, mai kamu uku.

Na fara lafiya lau. Da na zo wurin tsallakawa na tsaya. Na leƙa, na gyara, na ci gaba, na sake tsayawa. Wani direba ya ce, "Motar nan ba ta shiga giya!" Wani ya ce, "Ku taso mu tura ta!" Wuri ya kaure da dariya. Abokina da ya ga halin da nake ciki ya so ya taimake ni. Bai lura da hannun dattijon ba, shigowarsa ke nan. A hankali ya ce, "Wa ya koya maka naɗe yatsu haka?"

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Da ƙarfi na faɗe ta, don kowa ya ji. Na ce, "Ai ba laifina ba ne. Wanda ya koya mani yatsu ukku gare shi. Mai guntun hannu mi za shi koya ma mai hannu cikakke?"

Mutum biyu suka fara dariya, suka haɗiye ta. Dattijon yana tsiyaya shayi a lokacin, buta a dama, ɗan kofin gilashi a hagu. Bai ɗago kai ba, bai zubar da ko ɗigo ba. Ya gama ya miƙo mini kofin farko, wanda ya kamata a ba babba. Ya ce, "Sha, ɗana, maƙoshinka ya bushe." Na karɓa na sha, don ban san abin da zan yi ba. Da ya zage ni, ko ya karɓi jitar ya kaɗa ya kunyata ni, da na fi samun sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Washegari takardarsa ta fito ya wuce, jitar tana rataye a rumfata.

Da na raka abokina tasha bai rufe ni ba. Ya ce, "Yau ka ba ni kunya. Yatsu ba su ne damuwarka ba. Ko goma gare ka a hannu guda tsayawa za ka yi, don ba ka zauna ka yi atisaye ba, kunnena ya ji." Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata, wadda dama ba son jitar take yi ba, ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Sa'ar ubanka? Da abin da Allah ya jarrabe shi da shi? In ya dawo ka durƙusa ka ba shi haƙuri, in ba haka ba kar ka ƙara shigo mani da abin nan gida."

Na ce to. Amma da na hango motarsa a layi bayan mako uku, sai na ja buhu na rufe rumfa, na hau acaba na tafi Daddara wurin kawuna na yi kwana biyu. Zuwansa na gaba ma haka na yi. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, bari in iya tsallakawar tukuna, sai in ba shi haƙuri da baki da kuma kiɗa. Wai ni mai dabara. Tsoron haɗa ido da shi ne kawai.

Atisayen dai na kama shi da gaske. Kowace safiya kafin in buɗe rumfa sai in zauna a bayan gidanmu inda ba mai ji sai awaki, kamu biyu, a hankali, sau ɗari. Na saki yatsun da nake naɗewa, suka yi ta gardama, kan yatsuna ya tsage ya warke ya yi kanta. Na hana hannun dama tsayawa ko da sautin ya fito kamar ana jan kwano a ƙasa. Wajen mako na huɗu, wata safiya, sai na ga yatsuna sun haɗa kamun tun suna sama, sun sauka tare, ban ko leƙa ba. Na yi ihu har mahaifiyata ta fito. Da murnar ta kwanta sai na lura ba abin da na ƙara a kan abin da ya gaya mini tun ranar farko. Duk abin da ya yi mini aiki nasa ne.

Na ce to yanzu ya zo. Sai aka rufe iyaka. Sama da shekara ba wata babbar mota da ta tsallako. Da aka buɗe motoci suka dawo, tasa ba ta dawo ba. Wani direba ya gaya mini ya bar tuƙi saboda ciwon baya, ya kuma yi mini kwatancen unguwar da ya koma a Maraɗi. Na sa jitar a buhu na tsallaka.

Na same shi a ƙofar gida da hantsi, shi da maƙwabtansa uku. Yana ganina ya miƙe da murna. "Ɗana na Jibiya! Ku zo ku ga ɗalibina!" Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka yi ta gaisuwa. Ya ce in kaɗa ya ji. Na yi waƙar nan mai kamu uku daga farko har ƙarshe ban tsaya ba. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa madalla. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, "Ashe kana kiɗa? Mu ba mu taɓa sani ba." Na miƙa masa jitar da hannu biyu. Ya girgiza kai ya ce, "Na bari. Taka ta."

A nan na lura da abin da ban lura da shi ba tun zuwana. Hannunsa na hagu yana cikin aljihun riga. Da hannu ɗaya ya matso mini da kujera, da hannu ɗaya ya tura mini ƙwarya. A duk zaman da muka yi a Jibiya ban taɓa ganin ya ɓoye shi ba, da shi yake nuna hanya, da shi yake tafi in an yi abin dariya.

Da maƙwabtan suka tashi na sauka daga kujera na durƙusa. Na ce, "Baba, maganar da na faɗa ranar nan, don Allah ka yafe mani."

Ya ce, "Wace magana?" Sai ya yi murmushi. "Ai gaskiya ka hwaɗi, ukku na. Tashi, ɗana, na yahe maka tun ran nan."

Yanzu ina kaɗa jita yadda ya kamata, har akwai waɗanda nake koya wa. In sun yi tuntuɓe a gaban mutane nakan ce su ci gaba, dariyar minti ɗaya ce, ba ta kashe kowa. Ni na kasa haƙuri da minti ɗayan nan, na ɗauki kunyata na ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Na sha gaya wa kaina wataƙila hannun ciwo yake masa ranar, wataƙila tsufa ne kawai. Ban sani ba, kuma ban da ƙarfin halin tambaya.

Na yarda ya yafe mini, don ba mutumin da zai faɗi abin da ba ya zuciyarsa ba ne. Ya rako ni har bakin titi, ya tsaya tare da ni a rana har mota ta zo, ya sa mini albarka. Motar ta tashi ina waiwayensa ta taga, ina jira. Har muka sha kwana hannun bai fito ba.