Inuwar Rumbu a Kan Turmi

Yayana ne ya fara kawo mana zancen cewa rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya a duniya. Tela ne, ya tafi Jidda neman na kansa tun ina 'yar makaranta, kuma sau ɗaya tak ya zo ganin gida a Ƙafin Maiyaki. Ya zo ɗaure da agogon da ya ƙi gyara wa lokaci. Muna azahar, agogonsa yana la'asar. Wai Jidda ta riga mu da awa biyu.

Inna ta ce, "Kai dai da shirme. Rana ɗaya Allah Ya yi."

"Ɗaya ce, Inna, amma ta wajenmu take biyowa kafin ta iso muku."

Na ga yadda "wajenmu" ɗin nan ya sosa mata rai.

Ya ce Jidda gari ne da ba ya barci, ga teku, ga zafi mai danƙo. Mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, gaisuwa ma a tsaye ake yin ta ana tafiya. Mu kuwa nan sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa da shuka, kafin a zo kan abin da ya kawo ka. Wanda ya ce zai zo bayan la'asar, ko da magariba ya iso ba wanda zai ce ya makara. Na ce masa garin da ba a tambayar mutum gajiya ai tasha ce. Ya yi dariya har da buga ƙafa.

Ana gobe zai koma, Inna ta ce ya nuna mata lokacin da yake shan ruwa da azumi a can Jidda. Ba ta iya duba agogo ba, don haka ya tsaya a tsakar gida bayan la'asar yana kallon hannunsa, can ya ce, "Yanzu." Daidai lokacin inuwar rumbu ta taɓa gindin turmi.

Tun daga nan, duk azumi, ina dama kunu ita tana gadin inuwa. Da ta taɓa turmi sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, ya sha ruwa." Ita ga ƙishi ya busar mata da leɓe, amma sai ka ga ta wartsake. Nakan ce, "Inna, tunda ya sha miki, nawa ne kunun ke nan." Azumi ya matsa daga damina zuwa bazara, inuwa ta sauya hanya, na gaya mata lissafinta ya goce. Ta ce in ji da tukunyata.

Wata shekara bayan Babbar Sallah, wani alhaji daga Tudun Wada ya yi sallama a ƙofar gida. Ya daɗe yana gaisuwa, har ta wuce irin tamu, na san ba lafiya ba. Ya ce Yaya ya rasu tun watan Sha'aban, zazzaɓi ne, an binne shi a can. Waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi ba su san garinsu ba, sun dai san ɗan Kano ne, shi ya sa labari bai iso mu ba sai da alhajin nan ya je aikin Hajji ya jiyo.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Inna ba ta yi ba. Ta sake tambaya, "Sha'aban ka ce, Alhaji?" Ya ce e. Ta juya ta dubi turmi, ta daɗe tana dubansa.

"Ashe duk azumin nan ni kaɗai nake ta shayar da shi."

Da wani azumin ya zo, ta sa na mirgina turmin zuwa bayan ɗaki, inda inuwa ba ta kaiwa. Ranar farko, bayan la'asar, ina dama kunu na ɗaga kai. Tana zaune a kan tabarma, idonta a kan gurbin da turmin ya bari a ƙasa, inuwa tana matsowa. Da ta taɓa gurbin, na ga leɓenta ya motsa. Na ci gaba da dama kunun da ya riga ya damu.