Haulatu Mai Markaɗe da Hoton Ƙwaƙwalwarta

Duk Kasuwar Oil Mill an san Haulatu mai markaɗe. Tun tana amarya ta zo Fatakwal ta kama injin, har ta kai in ta gaida na kusa, sai na rumfa ta uku ya amsa. Mijinta Idrisu mai albasa kullum cikin tsokanarta yake, wai injin ya daɗe da markaɗe mata ƙwaƙwalwa tare da tattasai.

Rannan Kamila, 'yar maƙwabtansu mai aiki da masu binciken ji a wani asibiti, ta ce suna neman waɗanda suka daɗe cikin ƙara, kuma duk wanda ya kammala za a ba shi hoton ƙwaƙwalwarsa. Haulatu ko hannu ba ta wanke ba ta haye okada. Hoton nan take so ta kai wa Idrisu.

A asibitin Kamila ta bayyana mata cewa ƙarar na'urar ɗaukar hoton tana tayar da sashen ji na ƙwaƙwalwa, ta ɓata awon. Shi ya sa suke sa ta yi shiru jefi-jefi, a sako wa mutum kalma a kunne. Sharaɗin dai kada kai ya motsa.

Aka cire mata 'yan kunne, aka tura ta ciki. Ƙarar ta yi mata daɗi, kamar tana rumfarta. Na'ura na yin shiru kuwa ta zabura.

"Idrisu, mai ya ƙare, ga tattasan mutane a ciki!"

Ma'aikata suka yi ta dariya, hoto ya lalace. A karo na biyu hannunta ya tafi laluben igiyar tayar da injin. Kamila ta ce saura gwaji ɗaya, wasu na jira. Ta sunkuyo ta ambaci mai injin da ke ƙwace wa Haulatu masu markaɗe.

"Inna, ki ɗauka injin Suwaiba ne yake mutuwa."

Haulatu ta kwanta lamo. Duk shirun da ya zo sai ta lumshe ido don daɗi, ko gezau.

Da hoton a hannu ta dira gaban Idrisu. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce gaskiya bai zaci ƙwaƙwalwar tata ta kai haka girma ba. Washegari ya tare Kamila yana tambaya ko suna ɗaukar masu albasa. Ta ba shi haƙuri, ta ce albasa ba ta yin ƙara.